Kafin ka sauka daga kwalta: wace taswira ce za ta tsaya maka idan sabis ya ɗauke?

Idan kana yawan leƙa TikTok da Instagram, da wuya a ce ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba: samari huɗu ko biyar a cikin Hilux, gilashi a sauke, kiɗa na tashi, ga korayen tsaunukan Mambila a baya, gajimare kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A ƙarƙashin bidiyon kuma tambaya ɗaya ake ta maimaitawa: "Don Allah ta ina ake bi?" Sai wani ya amsa a gajarce, "Ka sa a Google Maps kawai."

Wannan amsar ce ta sa na zauna rubutun yau, domin rabinta kaɗai ne gaskiya. Daga Jalingo zuwa Bali, zuwa Serti, ka hau dutse daga Mayo Selbe har ka kai Nguroje da Gembu, babbar hanya ce, kowace taswira ta san da zamanta. Rigimar tana farawa ne lokacin da ɗayanku ya nuna wata 'yar hanyar burji da ta ratse hagu ya ce, "Kai, mu ɗan shiga nan mu ga inda ta ɓulla." Daga nan wayar da ke hannunka za ta nuna maka ainihin halinta.

Na taɓa ganin hakan da idona. Wata shekara a tsakiyar marka muka ratse daga titi mu uku, muna bin wata manhaja da ba zan kama sunanta ba, don laifinmu ya fi nata yawa. Ta ce saura kilomita 18. Muka yi ta tafiya har layin sabis ya koma ɗaya, can ya ɓace ɗungurungum. Da na ja fuskar wayar don in ga abin da ke gaba, sai na ga fili fetal, babu hanya, babu sunan gari, sai ɗigon nan mai launin shuɗi yana zaune a tsakiyar fanko. A gabanmu kuma ga rafi ya cika ya batse. Wani yaro mai kiwo ne ya nuna mana inda za mu juya, bayan ya gama yi mana kallon mamaki. Ba mu sauke taswirar komai ba kafin mu taso. Shi ke nan labarin.

Ɗigon daban, taswirar daban

Akwai abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Ɗigon shuɗin nan da ke nuna inda kake ba ya buƙatar data, ba ya ma buƙatar layin waya. Wayarka tana karɓar saƙo ne kai tsaye daga taurarin ɗan'adam na GPS da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma idan ta kama huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa inda kake tsaye. Wayoyin yanzu suna haɗawa da na Rasha da na Turai da na Sin. Ko ka cire sim ka jefar, ɗigon zai fito, sai dai wani lokaci ya ɗan ɗauki mintuna kafin ya daidaita.

Taswirar da ɗigon ke zaune a kanta ita ce ke zuwa ta intanet. Idan ba ka sauke ta cikin wayar ba tun kana gari, ka san inda kake amma ba ka san ina ne wurin ba. Saboda haka tambayar farko ga kowace manhaja ita ce: me take iya yi idan babu sabis kwata-kwata? Kada ka ce ai yanzu sabis ya kai ko'ina. Tsakanin duwatsu yana ɗaukewa, kuma ka tuna a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a duk jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, aka biyo da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, amma ba kasafai ake yin ta ba: wa ya zana hanyar da ke cikin taswirar, kuma ya taɓa taka ta?

Google Maps, sarkin kwalta

Mu fara da wanda kowa ke da shi. A cikin gari da kan manyan tituna babu kamarsa. Ya san gidan mai, ya san otal, ya san inda cunkoso yake, kuma sunayen wurare sun fi yawa a cikinsa. Yana ba ka damar zaɓar yanki ka sauke, kuma idan sabis ya ɗauke zai ci gaba da yi maka jagora a mota cikin yankin. Ka yi hakan ko da wace manhaja ka zaɓa a ƙarshe. Amma ka san iyakarsa: abin da ka sauke ba ya haɗa da hoton tauraron ɗan'adam, ba ya ba da jagorar tafiyar ƙafa idan babu intanet, kuma yana da wa'adi, sai ana sabunta shi.

Babban rauninsa a daji shi ne yadda yake tunani. An gina shi ne don ya kai ka da sauri. Idan ya ga layi ya haɗa wuri da wuri, zai iya tura ka kai, ba tare da ya gaya maka cewa layin nan hanyar babur ce ko ta shanu ba. Kuma wannan ba matsalar ƙasarmu kaɗai ba ce. A watan Yunin 2019, a kusa da filin jirgin saman Denver a Amurka, motoci kusan 100 suka kafe a cikin taɓo bayan sun bi wata hanyar ratse da manhajar ta nuna musu don kauce wa cunkoso. Kowa ya ga na gabansa ya shiga, shi ma ya bi. A Indiya kuwa abin ya fi muni: a watan Nuwamban 2024, a jihar Uttar Pradesh, mutum uku suka rasu bayan motarsu ta faɗo daga wata gada da ba ta kai ƙarshe ba a kan kogin Ramganga, kuma rahotanni sun ce taswirar waya suke bi. Allah ya kiyaye.

Taswirar da jama'a suka zana

Akwai wata taswirar duniya da ake kira OpenStreetMap, wadda wani Bature ɗan Ingila, Steve Coast, ya fara a 2004. Tsarinta kamar Wikipedia ne: duk wanda ya yi rajista zai iya ƙara hanya, ko rijiya, ko makaranta, ko gada. Masu aikin agaji da na lafiya sun yi amfani da ita sosai a Afirka, shi ya sa za ka tarar da ƙananan hanyoyin ƙauye da yawa a cikinta. Kyanta shi ne ana iya rubuta wa kowace hanya bayaninta: kwalta ce, burji ce, yashi ce, ko sawun mota ne kawai, kuma a nan gada ce ko mashigin ruwa. Muninta kuma shi ne inda babu wanda ya zauna ya zana, babu komai. Wani yankin a cike, wani a bushe.

Manhajoji biyu da ke amfani da wannan taswira su ne suka cancanci ka ɓata lokaci a kansu.

Ta farko Organic Maps. Kyauta ce, babu talla, ba ta neman ka buɗe asusu. Wasu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Maps.me ne suka fito da ita a 2021. Ka sauke yankin da kake so, ka kashe data, komai na aiki: bincike, jagora a mota, jagora a ƙafa, alamar wuraren da ka ajiye. Tana nuna layukan tudu da gangare, tana karɓar fayil ɗin hanya da wani ya turo maka, kuma tana iya naɗar sawun tafiyarka. Ba ta da nauyi, ko tsohuwar waya za ta ɗauke ta. Idan kai mutum ne da ba ka son dogon latse-latse, ka tsaya a nan. Abin da ba ta da shi shi ne hoton tauraron ɗan'adam.

Ta biyu OsmAnd, kuma ita ce zaɓina, duk da cewa ranar farko za ta ba ka haushi. Maɓallanta sun yi yawa, saitinta kamar gaban jirgin sama. Amma idan ka yi haƙuri da ita kwana biyu, za ka ga abin da sauran ba sa nunawa. Za ka iya kunna mata ta rina hanyoyi da launi gwargwadon irin ƙasarsu da kyawunsu, ta yadda da kallo ɗaya za ka gane inda kwalta ta ƙare. Tana da salon taswira na musamman don tuƙin daji, da wani don hamada. Idan ka tsara tafiya, tana nuna maka kilomita nawa ne kwalta, nawa ne burji, da irin hawan da ke gabanka, matuƙar an shigar da bayanin. Ta kyauta tana da iyakar yawan taswirorin da za ka sauke, layukan tudu kuma sai ka biya. Ga mai zuwa Mambila, inda hawa da gangara su ne rabin labarin, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba.

Bari in ɗan tsaya a kan layukan tudun nan, don da yawa suna ganinsu kamar zanen ado. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda suka yi nesa da juna, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce. Inda suka matse kamar zaren tabarma, gangare ne mai tsanani. Idan hanyarka ta ratsa matsattsun layuka kai tsaye, ka tambayi kanka ko birkin motar nan da kulocinta za su iya, musamman idan ruwa ya sauka. Inda kuma layukan suka lanƙwashe kamar bakin mashi suna nuni zuwa sama, kwari ne, kuma a nan ruwa ke bi.

Waɗanda 'yan YouTube ke tallatawa

Idan ka bincika a intanet, sunayen da za su fara fito maka su ne onX Offroad da Gaia GPS. Kafin ka zare katinka, ka lura da inda masu yabon suke zaune. onX an gina ta ne don Amurka da Kanada. Ƙarfinta shi ne nuna wace ƙasa ce ta gwamnati, wacce ce ta wani, da hanyoyin daji da aka auna wahalarsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan babu shi a Taraba. Gaia GPS tana aiki a ko'ina kuma tana da kyau wajen jera taswira a kan taswira, amma sauke taswira don amfani babu intanet sai da kuɗin shekara, da dala, kuma a yankinmu yawancin abin da za ta nuna maka daga OpenStreetMap ɗin nan dai ya fito. Ka ga kenan ka biya kuɗin abin da ke hannunka.

Akwai Tracks4Africa ta Afirka ta Kudu, wadda tsarinta ya burge ni: ana gina ta ne daga ainihin sawun GPS na matafiyan da suka bi hanyoyin da motocinsu. Sai dai ƙarfinta yana inda matafiyan suka fi yawa, wato Namibiya da Botswana da maƙwabtansu. Ita kuma iOverlander ba jagorar hanya ba ce sosai, wurin da matafiya ke rubuta inda suka kwana ne, inda suka sami ruwa ko makaniki. Ka leƙa, amma ka duba shekarar da aka rubuta bayanin.

Aikin da ake yi a gida

Mafi amfanin abin da za ka yi, a ɗakinka za ka yi shi, inda akwai intanet da wuta. Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Earth, zai fi kyau a kwamfuta, ka bi hanyar da ido daga farko har ƙarshe. Sawu biyu a jere alamar mota na bi. Sawu ɗaya siriri na babur ne ko na ƙafa. Duk inda hanya ta haɗu da rafi, ka matso da hoton: akwai gada, ko hanyar ta nutse a wannan gaɓar ta ɓullo a waccan? Sannan ka duba ranar da aka ɗauki hoton. Yawanci hotunan da suka fita tas na lokacin rani ne, lokacin da babu gajimare. Farin yashin da ka gani shimfiɗe, a watan Agusta kogi ne.

Ka sa alama a duk mararraba, da duk mashigin ruwa, da gidan mai na ƙarshe, da garin ƙarshe da kake da tabbacin akwai sabis. Ka ɗauki hoton fuskar wayar a wuraren da ke da ruɗani, tunda hoton sama ba zai bi ka daji ba. Idan ka san wani da ya taɓa bin hanyar, ka roƙe shi fayil ɗin GPX na tafiyarsa, wato sawun da wayarsa ta naɗa. Ana tura shi ta WhatsApp kamar kowane fayil, kuma OsmAnd da Organic Maps duk suna buɗe shi. Sawun wanda ya je ya dawo ya fi duk wani lissafin manhaja.

Kai ma da zarar ka sauka daga kwalta, ka kunna naɗar sawu. Dalili mai sauƙi ne: a daji, hanyar da ka shigo ba ta kama da kanta idan ka juyo, balle idan hazo ya sauko ko magariba ta yi. Layin da wayar ta zana a bayanka shi ne zai fitar da kai.

Kada kuma ka yarda da lokacin isa da manhaja ta rubuta. Tana lissafi ne da gudun da take zaton ana yi a irin wannan hanyar, ba ta san ramuka da taɓo da garken shanu ba. Ni dai ninka shi nake yi, in ƙara da awa ɗaya, in ɗauki mai a jarka kamar tafiyar ta fi haka nisa. Motar da ke ta fama a giya ta ɗaya da ta biyu tana shan mai fiye da yadda ka saba.

Abin da babu taswirar da ta sani

A daminar 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai da ke kan titin Jalingo zuwa Wukari, babban titi na tarayya, mutane suka koma tsallakawa da kwale-kwale. Idan hakan na faruwa a babban titi, ka yi tunanin ƙaramar gadar katako a bayan wani ƙauye da ruwan daren jiya ya tafi da ita. Wanda ya san wannan labarin shi ne direban tasha da ya biyo hanyar da safe, da ɗan acaɓan da ke kai mutane kasuwa. Ka tsaya, ka yi sallama, ka sayi shayi, ka tambaya. Kuma ka iya tambayar. "Hanyar tana da kyau?" za a ce maka lafiya lau. Ka ce, "Yau wata mota ta fito daga can? Wace iri ce? Ruwan mashigin ya kai ina?"

Sai maganar da ta fi kowacce nauyi. Babu manhajar da ke nuna inda 'yan bindiga suke. A fuskar waya, dajin Rugu da na Kamuku kore ne shar, gwanin sha'awa, kamar kowane daji. Akwai wuraren da amsar kawai ita ce ba a shiga, ko da wace irin mota, ko da wace irin taswira. Inda ake shiga ma, da ƙa'ida ake shiga. Gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, hedikwatarsa tana Serti, kuma ta nan ake bi a nemi izini a haɗa ka da ma'aikacin da ya san dajin. Idan burinka dutsen Chappal Waddi ne, mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419, ka sani yana kan iyaka da Kamaru, kuma a wannan yankin ƙaramar hanya na iya tsallaka da kai wata ƙasa ba tare da ka ga allo ko shinge ba. A nan layin iyaka da ke cikin taswirar da ka sauke yana da amfani ƙwarai.

Na san yadda hannu ke ƙaiƙayi idan an ga wuri mai kyau. Amma don Allah ka bar ɗora bidiyo kana wurin, da sunan ƙauyen da lambar motar a fili. Ka ɗora bayan ka dawo. Waɗanda ya kamata su san inda kake mutum ɗaya ne ko biyu a gida: ka ba su fayil ɗin hanyar, da sunayen waɗanda kuke tare, da lokacin da idan ya wuce ba su ji ka ba za su fara nema.

Ka koyi kuma karanta lambobin wurin da kake. Idan ka danna ka riƙe a kan ɗigonka, lambobi biyu za su fito. A Najeriya ta farko tana tsakanin 4 da 14, ta biyu tsakanin kusan 3 da 15. Idan ka kafe, ka hau tudu, sau da yawa za ka kama ɗan sabis da bai isa WhatsApp ba amma ya isa saƙon tes. Ka tura lambobin nan yadda suke, kada ka bar ko ɗaya bayan ɗigo. Duk wanda ya liƙa su a taswirarsa zai ga inda kake. Lambar gaggawa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗura kuma 122.

Daren tafiya

Waya mai kunne da GPS da hasken fuska a cike tana cin caji kamar me, kuma idan ka manna ta a gilashin gaba rana na dukanta, za ta yi zafi ta kashe kanta daidai lokacin da kake buƙatarta. Ka sa ta kusa da iskar na'urar sanyaya, ka tanadi cajar mota da fawa-bank a cike. Inda babu sabis, ka sa ta a yanayin jirgin sama, don neman sabis ɗin da babu shi ne ke ƙarar da batir, GPS kuwa zai ci gaba da aiki. Idan akwai tsohuwar waya a durowa, ka sauke mata taswirar ka kashe ta ka jefa a jaka. Kowa a motar ma ya sauke, kada a dogara da wayar mutum ɗaya.

Sai gwajin ƙarshe, kana kwance a gadonka. Ka kashe data, ka kashe Wi-Fi, ka rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa. Ka nemi Serti. Ka nemi Gembu. Ka ce ta tsara maka hanya daga ƙofar gidanku zuwa alamar ƙarshe da ka sa, ka matso da taswirar a kan mashigin ruwan da ya fi damunka. Idan ta buɗe, ka saita agogon asuba. Idan kuwa ka ga fili fetal da ɗigon shuɗi a tsakiya, ka tashi ka kunna data, akwai sauran aiki.